Jagorar Ɗalibin da Zai Yi Aikin Binciken Bazara a CERN: Daga Ranar Sauka Zuwa Ranar Miƙa Rahoto

A kowace shekara, daga watan Yuni zuwa Satumba, cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, dab da birnin Jeniba, takan karɓi ɗaliban jami'a kimanin 300 daga sassan duniya domin su yi aikin bincike na ɗan lokaci a ƙarƙashin kulawar masana. An fara wannan shiri a 1962, shekara takwas bayan kafa cibiyar a 1954, kuma ƙofarsa a buɗe take ga masu karatun Fiziks, lissafi, injiniya da kimiyyar kwamfuta, har da waɗanda ƙasashensu ba sa cikin mambobin cibiyar, irin su Najeriya, Nijar, Ghana da Kamaru. Ana rufe karɓar takardun neman gurbi a ƙarshen watan Janairu, ana son ɗalibi ya kasance ya kammala shekara uku ta jami'a kafin bazarar ta zo, yana jin Turanci sosai, kuma malamansa sun rubuta masa wasiƙun shaida.

Wannan jagora ta shafi abin da ke biyo bayan samun gurbin ne. Zaman yakan ɗauki mako 8 zuwa 13, kuma ɗalibin da ya fito daga ƙasashenmu galibi mako takwas yake samu. Idan aka cire makon sabawa da wuri da makon rubuta rahoto, abin da ya rage na ainihin aiki bai wuce mako shida ba. A ganina, abin da ya fi cinye wa ɗalibinmu waɗannan makonni shi ne kunyar tambaya da rashin tsara rana, domin wahalar ilimin kanta kowa yana shan ta, har ɗan Jamus da ɗan Italiya. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin bayani, amma duk abin da ke nan ya shafi ɗaliba kamar yadda ya shafi ɗalibi.

Mataki na farko: aikin yana farawa tun kana gida

Da zarar an sanar da kai sunan masanin da zai kula da aikinka, ka rubuta masa imel a cikin makon. Gaisuwa layi ɗaya ta wadatar, sannan ka gabatar da kanka, ka faɗi abin da ka iya da abin da ba ka taɓa yi ba, ka roƙe shi ya turo maka abu biyu ko uku da za ka karanta kafin ka iso. Doguwar gaisuwa da jero laƙabobi, wadda a wurinmu alamar tarbiyya ce, a can takan sa mai karatu ya rasa inda buƙatarka take, musamman mutumin da saƙonni masu yawa ke jiransa kowace safiya.

Yawancin ayyukan da ake ba ɗalibai a kwamfuta ake yin su, don haka makonnin da suka rage maka a gida ka ba su ga abu huɗu: yadda ake ba Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, umarni a rubuce ba tare da linzami ba, harshen rubuta manhaja na Python, ɗan abin da ya samu na C++, da Git wanda ake adana manhaja da shi tare da tarihin duk gyaran da aka yi mata. Idan aikinka na tantance bayanan gwaji ne, ka ƙara da ROOT, manhajar da aka ƙirƙira a cibiyar tun tsakiyar shekarun 1990 kuma har yau da ita ake zana mafi yawan sakamakon da ake wallafawa. Cibiyar ta saki wani ɓangare na bayanan gwaje-gwajenta kyauta a intanet tun 2014, laccocin bazarar shekarun baya ma suna nan a naɗe, saboda haka wanda ke Zariya ko Maraɗi yana iya fara gwada hannunsa tun bai hau jirgi ba.

Maganar biza kada ta kwana. Masu nema daga Najeriya ofishin jakadancin Suwizalan da ke Abuja ne nasu, kuma watannin da ke gaban bazara lokaci ne na cunkoso. Haka nan kalandar jami'o'inmu ba ta cika dacewa da hutun Turai ba, don haka ka samu izinin shugaban sashenku a rubuce, kada ka dawo ka tarar an yi jarrabawa ba ka nan. A cikin kaya ka sa takalmi mai rufe ƙafa, rigar sanyi marar nauyi saboda safiya da ranakun ruwa, da mahaɗin soket, domin soket ɗin Suwizalan daban yake da na Faransa, kuma dukkansu daban suke da wanda aka saba da shi a Najeriya. Garin yaji yana da amfani ƙwarai. Kilishi, dambun nama da man shanu kuwa a bar su a gida, saboda doka ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashen da ke wajen Tarayyar Turai.

Mataki na biyu: kwana uku na farko

Daga babbar tashar jirgin ƙasa ta Cornavin a tsakiyar Jeniba, taragon cikin gari mai lamba 18 yana kai mutum har ƙofar cibiyar a Meyrin cikin ƙasa da rabin sa'a. Ranar farko ta takardu ce: rajista, karɓar katin shiga a gini na 55, buɗe asusun kwamfuta, da darussan kiyaye haɗari waɗanda dole ne a kammala su kafin a bar mutum ya shiga wasu wurare. Ka yi waɗannan darussa da gaske, ka kuma ajiye lambar 'yan kwana-kwanan cibiyar a wayarka, wato 74444 daga wayar cikin gida. Wanda aikinsa zai kai shi inda ake da tururin nukiliya za a ba shi ƙaramar na'urar da ke auna yawan abin da jikinsa ya ɗauka, kuma ba a shiga irin wannan wuri sai da ita a maƙale a ƙirji.

Baƙo makaho ne ko da idonsa, kuma a nan maganar ta tabbata, domin lambobin gine-gine ba a jere suke ba: gini mai lamba ƙarama yana iya kasancewa a jikin mai lamba ɗari biyar. Titunan ciki suna ɗauke da sunayen masana irin su Einstein da Rutherford. Ka sauke taswirar cibiyar a waya, ka kuma haddace wurare huɗu tun ranar farko: ofishinka, babban zauren lacca a gini na 500, gidan cin abinci na ɗaya da kowa ke kira R1, da masaukinka. Wasu ɗalibai a masaukan cikin harabar suke zama, wasu kuma a garin Saint-Genis-Pouilly da ke ɓangaren Faransa, su riƙa tsallaka iyaka safe da yamma a kan keke ko a bas. Ƙasashen biyu suna cikin yarjejeniyar Schengen, don haka tsallakawar ba wuya, amma fasfonka ya kasance tare da kai kullum.

Mataki na uku: zama na farko da mai kula da aikinka

Wannan zama ya fi kowane zama muhimmanci, kuma a nan ne tarbiyyarmu, wadda alheri ce a ko'ina, take iya zame wa ɗalibi tarko. Mutumin da za ka tarar yana iya kasancewa farfesa mai furfura cikin gajeren wando da riga mai gajeren hannu, ya miƙo maka hannu ya ce ka kira shi da sunansa na yanka. Ka yi yadda ya ce, ko da bakinka zai yi nauyi da farko, domin a wurinsa hakan ba raini ba ne. Zai tsaya gaban allo ya yi bayani da sauri, cike da gajerun sunaye na haruffa uku-uku, sannan ya juyo ya tambaye ka ko ka gane. Ɗalibin da ya taso inda ba a katse babba, ba a kuma ce wa malami ya maimaita sau uku, zai sunkuyar da kai ya ce "to". Shi kuwa mai bayanin zai ɗauki wannan "to" a matsayin alkawari, ya tafi harkokinsa da yaƙinin cewa aiki ya kankama, kuma ta haka mako guda ke salwanta ba wanda ya sani.

Maganin abin shi ne ka shiga da littafi da alƙalami, kuma kada ka fito sai ka samu amsar tambaya huɗu. Wace tambaya ce aikin nan yake son amsawa? Mene ne abu na farko da ake son gani daga hannuna nan da ƙarshen mako? Wa zan tambaya idan ba ka nan? Wace rana za mu riƙa zama kowane mako? Bayan ya gama bayani, ka maimaita masa abin da ka fahimta da kalmominka, ka bar shi ya gyara inda ka kauce. Da ka koma ofis, ka tura masa taƙaitaccen imel na abin da kuka tsayar. Tambaya ta uku tana da nauyi na musamman, saboda watannin Yuli da Agusta lokaci ne na manyan taruka da hutun shekara a Turai, kuma ba abin mamaki ba ne mai kula da kai ya yi tafiyar mako biyu a tsakiyar zamanka. Sau da yawa wanda zai riƙe hannunka yau da gobe ɗalibin digiri na uku ne da ke teburin kusa da naka. Ka girmama shi, ka kuma yawaita tambayarsa, domin bai daɗe da fitowa daga ruɗanin da kake ciki ba.

Ka kuma san girman aikinka tun da wuri don kada zuciyarka ta karaya. Babban injin cibiyar, LHC, zobe ne mai kewayen kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa da zurfin kimanin mita 100, inda manyan maganaɗisu 1,232 da aka sanyaya da ruwan hiliyom zuwa ƙasa da sifili da digiri 271 suke lanƙwasa hanyar furoton, wato wasu ƙananan ƙwayoyin da ke cikin zarra, har su yi karo da juna. Manyan gwaje-gwaje huɗu ne a kan zoben, wato ATLAS, CMS, ALICE da LHCb, kuma biyun farko kowanne yana da masana dubbai. Rabonka a cikin wannan ba zai wuce gwada wani ƙaramin sashe na na'ura ba, ko gyara wata manhaja, ko duba yadda wata hanyar tace bayanai ke aiki. Ƙaramin aiki ne, amma akwai wanda yake jiran sakamakonsa don ya ɗora nasa a kai.

Mataki na huɗu: yadda rana take tafiya

A kusan mako biyar na tsakiyar bazara, safiya ta lacca ce. Ana taruwa a babban zaure daga wajen ƙarfe tara zuwa tsakar rana, masana suna bi da bi a kan ka'idojin ƙananan ƙwayoyin zarra, injinan hanzarta su, na'urorin gano su, ƙididdiga da kwamfuta. A wannan zaure ne aka sanar da gano ƙwayar Higgs ranar 4 ga Yuli, 2012. Ba duk laccar za ka gane ba, kuma ba a sa ran haka daga kowa. Shawarata ita ce ka halarta duka, ka zauna a gaba, ka fito daga kowace lacca da abu ɗaya da ka fahimta da tambaya ɗaya da ka rubuta. Laccocin ƙididdiga kuwa ka ba su kulawa ta daban ko da ba su burge ka ba, saboda su ne za su yi maka aiki da rana a kan teburinka, su ne kuma za su bi ka har gida ko da ka bar wannan fanni.

Abincin rana a R1 wani ɓangare ne na aikin. A nan ake zama teburi ɗaya da manya da ƙanana, a nan ake jin abin da ba a rubuta a takarda ba, kuma akwai allunan da ke nuna halin da injin yake ciki a daidai wannan lokaci. Idan rukuninku suka tashi cin abinci ko shan gahawa, ka bi su ko da ka zo da naka a kwano. Ɗalibin da ke cin abinci shi kaɗai a ofis don ya nuna ƙwazo yana asarar rabin abin da ya zo nema.

Daga ƙarfe biyu zuwa biyar da rabi ne ainihin lokacin aikinka a makonnin lacca, sa'o'i uku da 'yan kai kacal, don haka sai an yi musu tattali. Kafin ka taɓa kwamfuta, ka rubuta a littafinka abu ɗaya da kake son kammalawa yau. Kana aiki kana rubuta umarnin da ka bayar, fayil ɗin da ka yi amfani da shi, lambobin da ka canza da dalilin canza su. Kowane zane ka sa masa suna da kwanan wata, ka rubuta abin da kowane gefe yake aunawa da ma'auninsa. Da yamma ka tura gyaran ranar zuwa ma'ajiyar Git ta rukuninku, sannan ka rubuta layi uku: abin da ya yi, abin da ya ƙi, da inda za ka ɗora gobe. Wannan littafi shi ne zai zama rahotonka a ƙarshe. Wanda bai riƙe shi ba zai zo mako na bakwai yana kallon wani kyakkyawan zane da ya yi a mako na uku, ya kasa tuna yadda aka yi ya fito.

Mafi yawan rukunoni suna da taron mako, kuma jadawalinsa yana kan Indico, shafin da cibiyar ke tsara tarukanta a kai. Ka nemi a ba ka minti biyar tun mako na biyu ko na uku, ko da abin da za ka nuna zane ɗaya ne da bai kammala ba. Za a yi maka tambayoyi kai-tsaye ba tare da kewaye-kewaye ba, wani ma ya ce bai yarda da lambarka ba a gaban kowa. Zanen ake tuhuma, mutuncinka yana nan daram, kuma haka ake yi wa farfesan da ya yi magana kafin kai.

Mataki na biyar: idan aiki ya cije

Zai cije, kuma ga misalin yadda abin yake faruwa. Aikin gwaji da aka saba ba sabon ɗalibi shi ne ya nemo ƙwayar Z, wadda aka gano a cibiyar a 1983, ta hanyar haɗa ƙwayoyin muwon guda biyu da ta rikiɗe ta zama, ya lissafa nauyinsu a haɗe. Idan komai ya tafi daidai, zanen zai fito da tudu mai tsini a kan lamba 91 a ma'aunin GeV. Ɗalibi ya rubuta manhajarsa, ya shata zanensa daga sifili zuwa 200, ya danna, sai allo ya fito fari fat, ba ɗigo ko ɗaya. Ya sake karanta lissafinsa, ya goge ya sake rubutawa, ya kwana biyu yana zargin kansa da rashin ƙwaƙwalwa, yana jin nauyin ya tambaya. Abin da ya faru kuwa shi ne bayanan da aka ba shi a ma'aunin MeV suke, wanda dubunsa ne GeV ɗaya, kamar yadda aka saba a ATLAS, don haka tudun nasa yana can a kan 91,000, nesa da iyakar zanen. Maƙwabcin teburinsa zai gano wannan cikin rabin minti, domin shi ma ya taɓa faɗawa ramin.

Saboda haka ka ɗaura wa kanka doka: idan ka yi sa'a biyu a wuri ɗaya ba ka motsa ba, ka tashi ka tambaya. Amma tambaya tana da ladabinta. Kada ka ce "ba ya aiki" ka yi shiru. Ka faɗi abin da kake son yi, abin da ka sa ran gani, abin da ka gani, da abubuwan da ka riga ka gwada, ka kuma kwafo saƙon kuskuren da kwamfuta ta bayar yadda yake. Sau da yawa kana cikin tsara tambayar amsar za ta faɗo maka. Kafin ka saki manhaja a kan miliyoyin bayanai, ka gwada ta a kan guda ɗari, ka buga lambobin a allo ka dube su da idonka, ka tambayi kanka ko sun yi kama da hankali.

Akwai cijewa iri na biyu da ta fi wannan haɗari, wato sakamakon da ya yi kyau fiye da kima. Idan wani tudu ya ɓullo inda ba a san da komai ba, abu na farko da za ka zarga shi ne aikinka. A watan Satumba na 2011, masanan gwajin OPERA suka sanar cewa ƙwayoyin nutirino da aka harba daga cibiyar zuwa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kimanin kilomita 730, sun isa da wuri da kusan kashi 60 cikin biliyan na daƙiƙa fiye da yadda haske zai isa, suka kuma nemi sauran masana su taya su bincike. A 2012 aka gano cewa babban dalilin wata wayar haske ce da ba ta ɗauru sosai ba. Idan ƙwararru za su gamu da irin wannan, ɗalibin mako huɗu ya fi cancantar ya sake dubawa. Idan kuma ka gano kuskure a sakamakon da ka riga ka nuna wa rukuni, ka faɗa a ranar, a rubuce. Ba abin da ke gina amana a wannan sana'a kamar haka, ba kuma abin da ke rusa ta kamar goge ɗigon da bai yi wa mutum daɗi ba.

Mataki na shida: salla, abinci, barci da aljihu

Tsawon yinin bazara a Jeniba yana ruɗa wanda ya saba da rana mai faɗuwa kafin ƙarfe bakwai. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, Isha'i takan kai bayan sha ɗaya, alfijir kuma ya keto kafin ƙarfe huɗu. Musulmin da bai yi tsari ba zai wayi gari yana gyangyaɗi a zauren lacca tun makon farko. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka ɗan runtsa bayan tashi daga aiki, ka kwanta da zarar ka idar da Isha'i ba tare da buɗe waya ba, ka kuma koma barci bayan Asuba. Azahar tana shiga bayan ɗaya da rabi, don haka tana dacewa da ƙarshen hutun abinci. Babban masallacin Jeniba yana unguwar Petit-Saconnex, an buɗe shi a 1978, kuma zuwa Juma'a da dawowa zai ci maka wajen sa'a biyu. Ka gaya wa mai kula da kai tun makon farko, ka kuma rama lokacin da yamma. Magana a fili tun da wuri ta fi ɓacewa kowace Juma'a ba bayani. Agogon can yana gaban na Najeriya da Nijar da sa'a ɗaya a bazara, abin lura ga mai kiran gida.

A wajen abinci, ka koyi 'yan kalmomin Faransanci da za su tsare ka: porc, jambon da lardons duk naman alade ne, vin kuwa giya ce, kuma ana zuba ta a miya da kuma narkakken cukun da ƙasar ta shahara da shi. Kifi da abincin ganye suna samuwa kullum, mahautan halal kuma akwai su a Jeniba da garuruwan Faransa na kusa. A nan ɗan Nijar ko Kamaru ko Chadi yana da fifikon harshe, domin ko da yake Turanci ake aiki da shi a ofis, kasuwa da bas da Faransanci suke tafiya.

Alawus ɗin da ake bayarwa a 'yan shekarun nan kimanin faran 90 ne na Suwizalan a kowace rana. Idan ka juya shi zuwa naira ko sefa zai yi maka kama da dukiya, amma Jeniba tana cikin biranen da suka fi tsada a duniya, kuma kuɗin ɗaki ne zai fara cin kasonsa. Ka zo da ɗan guzurin da zai riƙe ka kafin biyan farko ya shigo. Ka riƙa cefane a ɓangaren Faransa inda kaya suka fi araha kuma da yuro ake ciniki, ka dafa abincin dare da kanka a kicin ɗin masauki, ka sha ruwan famfo domin mai tsabta ne. Shagunan Suwizalan suna rufewa da wuri, ranar Lahadi kuma akasarinsu a kulle suke, haka ma ranar 1 ga Agusta da take ranar ƙasa. Ka kula da layin wayarka, saboda a bakin iyaka waya takan tsallaka zuwa kamfanin ɗaya ƙasar ba ka sani ba, kuɗi ya yi ta zurarewa.

Ranakun Asabar da Lahadi ka huta da gaske. Akwai bakin tafki da maɓuɓɓugarsa mai feshin ruwa sama har mita 140, akwai dutsen Salève da tsaunukan Jura ga mai son hawa, akwai kuma ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya. Abokan zamanka za su shirya tafiye-tafiye zuwa ƙasashen maƙwabta kusan kowane mako. Ka je ɗaya ko biyu gwargwadon aljihunka. Za a kuma yi tarukan dare da ake shan giya, kuma cewa ba ka sha ya isa amsa, da wuya wani ya ja maganar. Kewar gida takan taso a wajen mako na uku, lokacin da ɗokin sabon wuri ya lafa aiki kuma bai fara ba da 'ya'ya ba. Ka kira gida, ka fita cikin mutane, kada ka kulle kanka a ɗaki.

Mataki na bakwai: mako biyu na ƙarshe

Kowane ɗalibi yana miƙa rubutaccen rahoto kafin ya tafi, kuma ana ajiye shi a rumbun takardun cibiyar. Ka fara rubuta gabatarwa da bayanin hanyar aiki tun tsakiyar zamanka, lokacin da kake jiran kwamfuta ta gama lissafi. Idan saura kwana goma, ka daina buɗe sabon babi komai daɗinsa, ka tsaya kan abin da ke hannu. Rahoton ya faɗi tambayar da aka ba ka, abin da ka yi, abin da ka samu tare da gwargwadon rashin tabbas da ke tattare da kowace lamba, da abin da ya rage. Hanyar da ka bi ba ta ɓulle ba ita ma ka rubuta ta, domin za ta hutar da wanda zai gaje ka. Ka ba mai kula da kai daftarin aƙalla kwana biyar kafin tafiyarka don ya samu sararin gyarawa. Ana kuma shirya zaman nuna fosta da na gajerun jawabai na ɗalibai. Ka sa sunanka, ka gwada jawabin da agogo a gaban abokai biyu, ka yanke duk abin da ya haura lokaci.

Sannan ka tsabtace manhajarka, ka rubuta mata gajeren bayanin yadda ake tayar da ita daga farko, ka ba wani a rukunin ya gwada a gabanka. Ka kwafe littafinka, zanukanka da duk abin da aka yarda ka tafi da shi, saboda asusun kwamfutarka ba zai daɗe a buɗe ba bayan ƙarewar zamanka. Kafin ranar ƙarshe ka nemi zama na minti goma sha biyar da mai kula da kai, ka tambaye shi inda yake ganin ƙarfinka da inda ya kamata ka ƙara himma, ka kuma tambaye shi kai-tsaye ko zai rubuta maka wasiƙar shaida idan ka tashi neman digiri na biyu ko na uku. Ka karɓi adireshin imel na abokan da kuka yi aiki tare, ka ba su naka wanda ba na cibiyar ba. Ranar tafiya ka mayar da makullin ofis, keken aro, littattafan laburare da na'urar auna tururi idan an ba ka. Da ka isa gida, ka nemi shugaban sashenku ya ba ka sa'a ɗaya a watan Oktoba ko Nuwamba ka yi wa 'yan ajin da ke bayanka bayanin aikin da yadda ake nema, domin su samu wata biyu na shirya takardunsu kafin a rufe a ƙarshen Janairu.